Roƙo Gaba Gaɗi a Ƙofar Uba

Karatu: Luka 11:5-13, Markus 10:35-52, Ibraniyawa 4:14-16

   Gaisuwa ta musamman ga waɗanda suke kwance a asibiti da rediyo kusa da kunne, da masu jinyarsu waɗanda ba su runtsa ba daren jiya. Ubangiji ya ba da sauƙi. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki a kusa, ya buɗe wuraren nan uku ya sa alama, domin in mun gama ya karanta da kansa, ya tabbatar ko abin da na faɗa haka yake.

Yau zan taɓa wani hali da iyayenmu suka koya mana tun muna ƙanana, hali mai kyau ƙwarai, watau kunya. A gidajen da yawancinmu muka tashi, yaro ba ya tsayawa a gaban ubansa ya zuba masa ido ya ce, "Baba, ina son abu kaza." In kuɗin makaranta ne, sai ya bi ta wurin uwarsa. In maganar aure ce, sai ya nemi kawu ko gwaggo su kai. Baƙo kuma, a kawo masa tuwo ya ce ya ƙoshi, alhali tun safe bai sa kome a baki ba. In talaka zai ga sarki, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya jira a zaure, wani bafade ya shigar da maganarsa. Duk wannan ladabi ne, ni kuwa ban zo in rushe shi ba, gama gidan da babu kunya a cikinsa ba shi da daɗin zama.

Amma ga damuwata. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki wannan kunya mun shiga da ita ɗakin addu'a, ta ɗaure mana baki a gaban Allah. Mukan durƙusa mu yi godiya, mu roƙa wa ƙasa zaman lafiya, mu roƙa wa shugabanni hikima, mu ce amin mu tashi, abin da yake cin zuciyarmu kuwa yana nan, ba mu ambata ba. Mukan kira wannan tawali'u. Ni kaina na yi shekaru ina kiransa haka, har ranar da wata tsohuwa ta tone ni.

Ranar da aka tone ni

Waɗanda suka manyanta za su tuna da shekarar 1996, sa'ad da annobar sanƙarau ta ratsa arewacin Nijeriya da rani, ta kashe fiye da mutum 11,000. A lokacin ina ɗalibi a makarantar tauhidi. Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, yaro mai shekara 14, ya kamu. Na yi azumi kwana uku, na yi ta kiran sunansa a gaban Allah dare da rana, ina roƙo a bar mana shi. Rana ta huɗu muka binne shi.

Ban bar bangaskiya ba. Na koma makaranta na gama, aka tura ni wata ƙaramar ikilisiya a ƙauye. Amma wani abu ya sāke cikin addu'ata wanda ko matata ba ta sani ba: na daina roƙon duk abin da za a iya hana ni. Addu'ata ta zama doguwa, mai daɗin ji, cike da manyan kalmomi, amma ba abin da za ka kama a ciki ka ce ga abin da Fasto ya roƙa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Wata rana da damina aka kira ni gidan wata tsohuwa, ɗaya daga cikin iyayen zumuntar mata. Jikanta yana kwance a tabarma, zazzaɓi ya yi masa tsanani. An kai shi asibiti an yi masa allura an dawo da shi, amma jikin bai sauka ba. Na durƙusa na yi irin addu'ar da na saba. Na yabi Allah saboda ikonsa, na ce ya yi da yaron yadda ya ga ya dace, na ce amin. Da na buɗe ido sai na ga tsohuwar ta zuba mini ido.

Ta ce, "Fasto, ɗana, ka gama?"

Na ce, "Na gama, Mama."

Ta ce, "To, ni ban ji ka roƙa masa lafiya ba. Ko sunansa ba ka kira ba. Kai da ka yi karatu, gaya mini, Allah ya hana a roƙe shi ne?"

Na ce, "Mama, ai ya riga ya san abin da muke bukata."

Ta ce, "Ni ma na san lokacin da jikokina suke jin yunwa, amma ina jin daɗi in sun zo sun ce, Kaka, ki ba mu tuwo. Koma ka durƙusa."

Na koma na durƙusa. Tun mutuwar ƙanena, ran nan ce rana ta fari da na buɗe baki na gaya wa Allah ainihin abin da nake so. Zan gaya muku yadda ta ƙare kafin mu rabu. Amma daren nan da na koma gida na buɗe Luka sura 11, na karanta kamar ban taɓa ganinta ba.

Mai buga ƙofa da tsakar dare

Almajiran Yesu sun roƙe shi ya koya musu addu'a. Bayan ya koya musu addu'ar nan da muke yi tare kowace Lahadi, wadda take farawa da kiran Allah Uba, sai ya ba su misali. Wani mutum ne matafiyi ya sauka masa da tsakar dare, gidan kuwa ba ko loma. Ku da kuka san zaman ƙauye kun san nauyin wannan abu. A ƙasar Yahudawa ta wancan zamani, kamar a ƙasarmu, barin baƙo ya kwana da yunwa abin kunya ne babba. Sai mai masaukin ya tashi ya tafi gidan abokinsa, ya buga ƙofa, yana neman rancen gurasa uku. Abokin ya amsa daga ciki cewa ya riga ya sa sakata, yara kuma sun yi barci kusa da shi. Gidan talaka a can yawanci ɗaki ɗaya ne, iyali duka a wuri ɗaya suke kwana, in uba ya tashi yana laluben ƙofa kowa zai farka. Duk da haka Yesu ya ce ƙarshenta mutumin zai tashi ya ba shi abin da yake bukata, ko da ba don abota ba.

To, don me zai tashi? Luka da Helenanci ya rubuta bishararsa, kalmar da ya sa a aya ta 8 kuwa ita ce "anaideya". A duk Sabon Alkawari ba ta fito ko'ina ba sai a nan. Masu fassara da yawa sun tausasa ta suka ce naci, naci kuwa yana cikin labarin. Amma ainihin ma'anarta ita ce rashin kunya. Ku ji da kyau, 'yan'uwa: Ubangiji Yesu da bakinsa ya ɗauko marar kunya ya tsayar a gabanmu, ya ce mu koyi addu'a a wurinsa.

Mutumin nan yana tsakanin kunya biyu ne, kunyar buga wa mutane ƙofa da tsakar dare, da kunyar barin baƙonsa da yunwa. Ya auna, ya ga gara ya jure ta farin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku lura kuma bai yi kewaye-kewaye ba. Ya faɗi abin da yake so, ya faɗi guda nawa, ya faɗi dalili.

Kada wani ya ce, ashe Allah kamar maƙwabci mai nauyin barci yake, sai an dame shi kafin ya motsa. Misalin daga ƙarami yake hawa zuwa babba. In mutum mai gajiya, mai gunaguni, zai tashi, balle fa Uban da barci ba ya ɗaukarsa. Shi ya sa Yesu ya juya nan take ga iyayen da suke wurin, ya tambaye su ko akwai wanda ɗansa zai nemi kifi ya miƙa masa maciji, ko ya nemi ƙwai ya sa masa kunama a hannu. In mu masu zunubi mun iya ba 'ya'yanmu abin kirki, Ubanmu na sama ya fi mu nesa, har ya shirya ya ba masu roƙonsa kyautar da ta fi duka, watau Ruhu Mai Tsarki.

Wa ya ba mu izinin shiga?

Na san wani yana cewa a ransa, "Fasto, ni na san kaina. Na san abin da na aikata makon jiya. Da wane ido zan tsaya a gaban Allah ina neman abu?" Wannan tsoro yana da tushe, kada mu raina shi. A Littafin Firistoci sura 16 mun ga yadda shiga gaban Allah yake a Tsohon Alkawari. Akwai Wuri Mafi Tsarki, an tare shi da labule. Mutum ɗaya tak yake shiga, watau babban firist, rana ɗaya a shekara, ran 10 ga wata na 7, Ranar Kafara, da jinin hadaya a hannunsa da hayaƙin turare a gabansa. 'Ya'yan Haruna biyu, Nadab da Abihu, sun kusato yadda suka ga dama, suka mutu nan take. Ko a fadar sarkin duniya haka abin yake. A mulkin Farisa, duk wanda ya shiga wurin sarki ba a kira shi ba hukuncinsa kisa ne, sai dai in sarki ya miƙo masa sandan zinariya. Esta sarauniya ce, amma ta yi kwana 30 ba a kira ta ba, sai da ta sa aka yi azumi kwana 3 kafin ta taka ƙofar, ta shiga kuwa da ranta a hannu.

Sa'an nan ran Jumma'ar nan ta zo. Markus sura 15 ya gaya mana cewa wajen ƙarfe uku na yamma Yesu ya saki ransa a kan gicciye, labulen Haikali kuwa ya tsage gida biyu, daga sama har ƙasa. Daga sama ya fara, inda hannun mutum ba ya kaiwa. Saboda wannan ne mai rubuta wasiƙar Ibraniyawa ya ce muna da Babban Firist wanda ya ɗanɗani jarraba irin tamu, ya san kasawarmu, don haka ya gayyace mu mu matso gaba gaɗi domin mu sami jinƙai da taimako a lokacin bukata.

Kalmar Helenanci da aka fassara gaba gaɗi ita ce "parresiya", watau faɗin kome. A birnin Atina na dā, 'yanci ne na ɗan gari ya miƙe a taron jama'a ya faɗi duk abin da yake ransa. Bawa ba shi da wannan 'yanci, baƙo ma haka. Abin da Almasihu ya saya mana da jininsa ke nan, bakin ɗan gida. Esta ta shiga ba ta tabbata ko za a miƙo sandan ba. Mu kuwa an miƙo mana shi tun kafin a haife mu.

Saboda haka, ɗan'uwana, ƙarfin halinka a addu'a bai dogara ga kyan makon da ka yi ba, ya dogara ga wanda ya tsaga labulen. In akwai zunubi a wuyanka, shi ne abu na fari da za ka faɗa a fili, ka kira shi da sunansa, ka tuba, ka karɓi gafara, sa'an nan ka ci gaba da sauran maganarka. Ba ka kuma bukatar bafade. Ina murna in kun zo in yi muku addu'a, aikina ne, Maganar Allah kuma ta umarce mu mu riƙa yi wa juna addu'a. Amma kunnen Allah bai fi kusa da bakin fasto ba a kan bakinki, ke uwa da kike durƙushe a bakin murhu. Matsakancinmu ɗaya ne, Yesu Almasihu, ta wurinsa kuwa zuwa da kai ya fi aike. Duk wanda ya ce muku sai kun biya shi kuɗi, ko kun sayi mai ko ruwa a hannunsa, kafin roƙonku ya kai sama, to, yana ƙoƙarin ɗinke labulen da Allah ya tsaga ne.

Kira abin da sunansa

A ƙarshen Markus sura 10 akwai makaho mai suna Bartimawas, yana bara a bakin hanyar Yariko. Da ya ji Yesu ne yake wucewa sai ya fara kira. Jama'a suka tsawata masa ya yi shiru, shi kuwa ya ƙara ɗaga murya. Yesu ya tsaya ya sa a kirawo shi, ya tambaye shi abin da yake so. Kowa yana gani makaho ne, to, mene ne amfanin tambayar? Mai bara ya saba da neman kwabo da ragowar abinci. Da ya ga dama da ya roƙi sadaka, abin da bakinsa ya saba da shi, abin da kuma ba wuya a ba shi. Amma ya buɗe baki ya roƙi ido, aka kuwa ba shi.

Haka Hannatu ta yi a Shilo. Kishiya ta dame ta da gori, ta shiga gaban Ubangiji tana kuka, leɓunanta suna motsi ba a jin murya, har Eli firist ya zaci ta sha giya. Ta roƙi ɗa namiji, ta faɗa a sarari. Ke da kika yi shekara takwas da aure ba haihuwa, dangin miji sun fara magana, kin taɓa faɗa wa Allah abin da kike so kamar yadda Hannatu ta faɗa? Kai da ɗanka ya shiga shaye-shaye, kana kiran sunansa a addu'a, ko kuwa kana ɓoye shi cikin "matasanmu duka"? Kai manomi da gonarka ta gagare ka zuwa saboda 'yan bindiga, da ku da aka sace muku ɗan'uwa ana neman kuɗin da ba ku da shi, ku kira sunan gonar, ku kira sunan mutumin, ku ce kuna so ya dawo gida da rai.

Kada kuma ku roƙa sau ɗaya ku naɗe hannu. A Farawa sura 18 Ibrahim ya tsaya yana roƙo domin Saduma. Ya fara da adalai 50, ya sauko 45, ya sauko 40, sai 30, sai 20, har ya kai 10. Sau shida yana komawa, kamar mai ciniki a kasuwa. A tsakiyar wannan ciniki kuwa ya kira kansa ƙura da toka. Ladabi da ƙarfin hali sun fito daga baki ɗaya, ɗaya bai kori ɗaya ba.

Gaba gaɗi dabam, tsaurin ido dabam

Wannan ya kawo mu ga gargaɗi. Cikin surar nan ta Markus 10, kafin a kai ga Bartimawas, Yakubu da Yohanna, 'ya'yan Zabadi, sun zo wurin Yesu suna so ya yi musu alkawari tun kafin su faɗi bukatarsu. Ya yi musu irin tambayar da zai yi wa makahon. Su kuwa kujerun girma suke so, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Ya gaya musu ba su san abin da suke roƙo ba. Tambaya ɗaya ce, amma makahon ya tafi da idonsa, almajiran kuwa suka tafi da gyara. Wasiƙar Yakubu sura 4 ta ambaci cuta biyu a wuri ɗaya: akwai wanda ya rasa domin bai roƙa ba, akwai wanda ya roƙa bai samu ba domin sha'awar kansa yake so ya ciyar.

A kwanakin nan mukan ji masu addu'a suna ba Allah umarni, suna yanka masa wa'adi, wai kafin kwana bakwai sai ya yi kaza. Wannan tsaurin ido ne. Ɗan kirki yakan faɗa wa ubansa duk abin da yake so ba tare da tsoro ba, amma ba ya nuna masa yatsa. Ga ma'auni mai sauƙi: abin nan da kake roƙo, za ka iya faɗin dalilinsa a fili a gaban Yesu ba ka sunkuyar da kai ba?

Ku dubi ikilisiyar fari a Ayyukan Manzanni sura 4. An kama Bitrus da Yohanna, an ja musu kunne kada su ƙara ambaton sunan Yesu, aka sake su. Da masu bi suka taru, suka shimfiɗa barazanar a gaban Allah dalla-dalla. Amma ba su roƙi mutuwar masu tsananta musu ba. Sun roƙi a ba su "parresiya" ɗin nan, su ci gaba da faɗin Maganar ba tsoro, Allah kuma ya miƙa hannu ya warkar da mutane. Wurin da suke ya girgiza. Mu da muka san zaman ɗar-ɗar, muka binne namu, sai mu riƙe wannan. Mu roƙi kariya da ƙarfi, mu roƙi Allah ya tsayar da hannun mugu, ya juyo da zuciyarsa, ramuwa kuwa mu bar wa Mai Shari'a.

In amsar ta zo dabam fa?

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuya, na kuwa san wasunku shi suke jira. A Ayyukan Manzanni sura 12 Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, sa'an nan ya kama Bitrus. Ikilisiya ta dukufa da addu'a, mala'ika ya fito da Bitrus daga kurkuku da dare. Sura ɗaya, ikilisiya ɗaya, manzo ɗaya ya mutu, ɗaya ya kuɓuta, Littafi kuwa bai ba da dalili ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin da zai ɗauke ta da shi.

Ubangijinmu kansa a Getsamani ya fāɗi ƙasa, ya kira Allah "Abba", ya roƙa a fili a ɗauke masa ƙoƙon wahala, har sau uku. Sa'an nan ya sa nufinsa a ƙarƙashin nufin Uban. Ku lura da yadda abin ya jeru, gama a nan ne na yi tuntuɓe shekara da shekaru. Roƙo ne ya fara zuwa, miƙa wuya ya biyo baya. Ni kuwa sai na tsallake na farin na faɗa kan na biyun, domin kada a sāke hana ni in ji zafi. Tsohuwar nan ta gane abin da ban gane ba, cewa tsoro ne ya sa rigar ibada ya zauna cikin addu'ata. Wanda bai faɗi abin da yake so ba, me zai miƙa?

Akwai wata uwa 'yar Afirka ta Arewa mai suna Monika, daga garin Tagaste, a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Ɗanta Agustin mai ilimi ne ƙwarai, amma ya yi nisa da bangaskiya, ta yi shekaru tana kuka a kansa. A shekara ta 383 ya ƙudura zai haye teku daga Kartaj zuwa Roma. Ta bi shi har bakin teku, ta kwana tana roƙon Allah ya hana tafiyar. Shi kuwa ya ruɗe ta, ya shiga jirgin ruwa cikin daren ya tafi. A idonta an ƙi roƙonta. Amma daga Roma ya wuce Milan, inda ya riƙa jin wa'azin Bishop Ambros, aka kuwa yi masa baftisma a can a shekara ta 387, uwar tana da rai. A shekarar ta rasu. Agustin ya zama bishop na Hippo, ɗaya daga cikin manyan malaman ikilisiya. Daga baya shi kansa ya shaida cewa Allah ya ƙi abin da uwarsa ta roƙa a daren nan domin ya ba ta abin da take roƙo tun dā. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Na yi alkawari zan gaya muku ƙarshen labarin jikan tsohuwar. Mun roƙa, mun kuma mai da shi asibiti washegari, gama addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Bayan 'yan kwanaki ya tashi. Yau magidanci ne da 'ya'yansa. Amma kada ku ɗauka na sami wani makulli ne a ran nan. Tun daga lokacin na durƙusa a gaban gadaje da yawa, na roƙa da ƙarfi iri ɗaya. Waɗansu sun tashi, waɗansu na raka su makabarta. Ba a ba ni dalilin mutuwar ƙanena ba, an dai ba ni alkawarin tashin matattu, shi nake riƙe da shi. Abin da tsohuwar ta mayar mini shi ne bakina. Shekarun da na yi ina kāre kaina daga jin "a'a", ashe na mai da kaina baƙo a gidan Ubana, ana kawo tuwo ina cewa na ƙoshi.

To, ga abin da nake so ka yi, mai sauraro. Daren yau kafin ka kwanta, ka ɗauki abu ɗayan nan da ka daɗe kana kewayewa. Ka rubuta shi a takarda da kwanan wata, ka sa cikin Littafinka. Ka durƙusa ka faɗe shi da kalmomin da za ka faɗa wa mahaifinka in da ba kunya a tsakani. Gobe ka sāke, jibi ma haka. In ya yi maka nauyi, ka nemi ɗan'uwa ɗaya mai riƙon asiri ku roƙa tare. In ka gama faɗa, ka bar amsar a hannun wanda bai taɓa ba ɗansa kunama ba.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba, mun gode maka domin Yesu Almasihu wanda ya buɗe mana ƙofa da jininsa. Ka gafarta mana shirun da muka yi muna kiransa tawali'u. Ka gafarta mana kuma lokatan da muka zo da tsaurin ido. Ga 'ya'yanka suna saurare, kowa da abin da yake cin ransa. Muna roƙonka lafiya domin masu ciwo, haihuwa domin masu jira, abinci domin gidajen da tukunya ba ta hau wuta ba yau. Waɗanda suke hannun masu garkuwa, ka komo da su gida da rai. 'Ya'yanmu da suka bauɗe, ka juyo da su. Wanda ya taɓa roƙo bai samu ba har bakinsa ya mutu, ka buɗe masa baki yau. In kuwa amsarka ta zo dabam da tamu, ka riƙe mu kada mu saki hannunka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Ubangiji ya kai mu. Salamar Almasihu ta zauna tare da ku. Ku huta lafiya.